Ranar da Makullan Baban Ƙofa Suka Faɗi

Duk wanda ya taka matakalar majalisar dokoki ta ƙasa a cikin shekara talatin da takwas ɗin nan, ko bai san fuskar Kakaki ba, ya san Baban Ƙofa. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, da tabo a girar hagu, da zoben ƙarfe mai makulli ashirin da uku a hannun dama. Bai taɓa zama a aji ba. Ko sunansa aka rubuta aka nuna masa, iyakarsa ya ce rubutun ya yi kyau. Amma Kakaki bakwai ya buɗe wa ƙofar zaure ya kuma rufe ta a bayansu, kuma a cikin bakwai ɗin babu wanda bai taɓa rage murya ya tambaye shi yadda na baya ya yi da irin wannan matsala ba.

Kirarinsa ɗaya ne, kuma shi yake yi wa kansa: makullansa ba su taɓa faɗuwa ƙasa ba. Ranar da wuta ta kama ɗakin ajiyar takardu, da rarrafe ya fito ta cikin hayaƙi, zoben a haƙoransa. Ranar da sojoji suka zo rufe majalisa, wani mai bindiga ya ce ya jefo makullan ƙasa, shi kuwa ya ce sai dai a miƙo hannu a karɓa kamar mutane, kuma hannun aka miƙo. Ranar da 'yan majalisa suka ba hammata iska a kan kasafin kuɗi, ƙafar kujera ta fasa masa gira, jini ya rufe masa ido ɗaya, amma zoben yana nan daram. Masu shara da masu shayi sun haddace labarin. Da ya ce “Shekara talatin da takwas,” sai su ƙarasa masa baki ɗaya, shi kuma ya gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibansa suka ci jarrabawa.

Yana da ƙane guda, wanda har yau da furfurarsa ake ce masa Auta. Auta ya yi shekara talatin yana aiki a wurin fasa dutse, farko da guduma, daga baya a bakin injin. Garin dutsen da ya shaƙa ya taru a huhunsa har likita ya ce ba abin da zai fitar da shi. Yanzu matakala biyar ba ya iya hawa sai ya zauna ya yi tari. Abin da ya fi damun gidan kuwa, 'ya'yan Auta biyu, magidanta da iyalinsu, su ne a bakin wannan injin a yau, da tsumma ɗaure a hanci.

Saboda irinsu ne wata 'yar majalisa ta kawo kuduri. Sabuwa ce, zuwanta na farko ke nan, kuma da yake a asibiti ta yi aiki kafin a zaɓe ta, kowa Nas yake ce mata. Kudurin nata ya ce dole a riƙa feshin ruwa a bakin injin, a ba ma'aikata abin rufe hanci na gaske, a ɗauki hoton ƙirjinsu duk shekara, kuma jami'in duba yana da ikon rufe wurin da ya ƙi. Baban Ƙofa ya bi kudurin nan da kunne tun ranar da akawun majalisa ya karanta sunansa kawai aka wuce, wato karatu na farko. Ya ji muhawarar karatu na biyu daga bakin ƙofa. Yakan ce wa Auta kudurin ya fi su gata, tunda ya yi karatu har biyu, su kuwa ko ɗaya ba su yi ba.

Daga nan aka miƙa shi ga kwamitin ƙwadago, ya yi wata goma sha ɗaya a can. Kwamiti ya kira masu wuraren fasa dutse, suka aiko lauyoyi. Ya sake kira, ya ce in ba su zo da ƙafarsu ba majalisa tana da ikon sa a kawo su, sai ga su a manyan motoci. Ranar sauraron jama'a aka ba Auta minti biyar ya yi bayani, tari ya cinye uku. Mai rubuta bayanan zama ya ɗago kai yana tambayar me zai rubuta, Nas ta ce ya rubuta abin da ya ji. Haka kwamiti ya gama, ya kawo rahoto, aka bi kudurin sashi-sashi, aka gyara nan aka rage can. Saura karatu na uku. Kuma aka yi ta ɗage shi har ya faɗo a ranar ƙarshe ta wa'adin majalisa. A ƙa'idar gidan, duk kudurin da bai wuce ba kafin a tashi ranar nan ya mutu ke nan, sai sabuwar majalisa ta faro shi daga tushe, in ma an sami mai ɗauko shi.

Da safiyar ranar Baban Ƙofa ya goge takalminsa, ya kai Auta saman benen baƙi, yana tsayawa da shi a kowane hawa biyar. Auta ya leƙa ƙasa ya hango 'yar gudumar katako a kan teburin Kakaki, ya tambaya ko ita ce wadda ake ta faɗa. Ya ce wannan ko ƙwai ba za ta fasa ba. Yayansa ya ce masa ya zauna ya yi shiru, wannan 'yar abar ta fasa mazan da suka fi dutsensa tauri.

Da ya sauko, Baban Ƙofa ya tare Nas a barandar shiga, ta taho da fayil rungume a ƙirji. Ya gaishe ta da ranki ya daɗe, ta amsa da Baba, ta tambayi jikin Auta. Ta nuna masa takarda, ta manta ba ya karatu, ta ce mutum sittin da uku ne suka yi mata alkawari, masu adawa ba su wuce arba'in ba.

“Takarda ba ta da maƙogwaro, 'yata,” ya ce.

Ya yi mata bayani a tsaye, da sauri. Yau abu arba'in ne a jerin aiki, Kakaki ba zai tsaya ƙirga kowa ba, da murya za a yi. Zai ce masu eh su ce eh, masu a'a su ce a'a, kunnensa ne alƙali. Mutanenta kuwa masu kunya ne, eh ɗinsu kamar na mai amsa sallama da barci a ido, rabinsu ma za su kasance a ɗakin shayi suna sallama da juna. Ɗaya ɓangaren kuma akwai wanda ake ce wa Tsawa, mai wuraren fasa dutse uku da sunan surukinsa, wanda shi kaɗai muryarsa ta mutum goma ce, ga abokansa takwas da yake zaunar da su kusa da shi don wannan aikin. Sannan ya ƙara rage murya ya faɗa mata abin da ba ya cikin kowane littafi: kunnen Kakaki na dama ya yi nauyi tun bara. Shi ya sani, don duk saƙon da zai raɗa masa sai ya zagaya ta hagu. Mutanenta a dama suke zaune. Tsawa a hagu.

Nas ta yi murmushi, ta ce ta karanta ƙa'idar, ta san tana iya neman a raba zaure a ƙirga. Ya ce sanin ƙa'ida daban, kama ta daban. Kakaki zai ce, ina ganin masu kaza sun yi rinjaye. Zai ja numfashi ɗaya. Zai maimaita, ya buga guduma. Tsakanin faɗi na farko da bugun nan, numfashin nan ɗaya shi ne duk filin da take da shi. In guduma ta sauka, ko kuka za ta yi da jini ba a sake buɗe maganar.

“Kada ki dubi takarda, kada ki dubi bakinsa. Hannunsa za ki duba.”

Ta ce ta ji, ta gode, amma idonta yana kan wayarta. Ya san irin wannan na gode ɗin. Ya sha jin ta a bakin masu digiri uku-uku, ya kuma sha riƙe musu ƙofa suna fita da ido ja.

Ƙarfe goma ya buɗe ƙofa. Mai Sanda ya shigo da sandar majalisa a kafaɗa, Kakaki a bayansa, kowa ya miƙe. Aka ɗora sandar a mazauninta, zama ya fara. Baban Ƙofa ya tsaya inda ya saba, ciki da ƙofar, bayansa a jikin katako, hannaye a gaba, zobe a dama. Mai ƙofa ba ya magana a zaure, ba ya tari, ba ya dariya, ba ya nuna ya ji. Duk wanda ba zaɓaɓɓe ba baƙo ne a nan, ko da ya girmi kujerun.

Aka shiga aiki kamar ana korar kaji. Rahoton kwamitin sufuri, eh, guduma. Tabbatar da naɗin wani jami'i, eh, guduma. Wani tsohon ɗan majalisa da ba zai dawo ba ya nemi minti biyu ya yi bankwana, ya ci ashirin, har ya gode wa direbansa. Kakaki yana ta duban agogon bango. Baban Ƙofa kuwa yana ƙirga masu fita. Ba ya buƙatar alƙalami, ta takunsu ya san su. Kafin rana ta take tsaka, mutum goma sha tara daga na Nas sun sulale zuwa ɗakin shayi. Na Tsawa ko ɗaya bai motsa ba. Ya lura har ruwa Tsawa yake kurɓa yana gyaran murya.

Abu na ashirin da bakwai shi ne kudurin. Akawu ya karanta sunansa, Nas ta miƙe ta nemi a yi masa karatu na uku, wani ya mara mata baya. Daga sama aka ji tarin Auta, gajere, ya danne shi da hannun riga. Kakaki ya jefa tambaya.

Eh ɗin ta fito kamar yadda ya faɗa, a warwatse, wasu ma kai kawai suka gyaɗa kamar ana ganin gyaɗa kai da kunne. Sai a'a ta tashi daga hagu, mutum tara a gaba sauran a baya, har gilashin taga ya amsa.

“Ina ganin masu a'a sun yi rinjaye,” in ji Kakaki.

Baban Ƙofa ya dubi Nas. Ta sunkuya a kan takardarta, bakinta a buɗe, yatsanta yana bin sunayen nan sittin da uku kamar za su taso su cece ta. Ya dubi hannun Kakaki. Yatsu sun riga sun naɗe a kan gudumar, gwiwar hannu ta bar tebur. Ya ga ƙirjinsa ya ɗaga, numfashin nan ɗaya ke nan, kuma rabinsa ya tafi.

Zoben ƙarfe mai makulli ashirin da uku ya faɗi a kan daɓen tayil.

Ƙarar ta cika zauren kamar an kifar da tiren cokula a ɗakin da ake jinya. Kowa ya waiwaya. Hannun Kakaki ya tsaya a sama, don shi ma ya san labarin makullan, ya ji shi ya fi sau goma. Nas ta ɗago. Ba ƙofa ta duba ba, hannun ta gani a rataye, sai ta zabura tsaye har fayil ɗinta ya zube.

“Mai girma Kakaki, ina neman a raba zaure a ƙirga.”

Kakaki ya dubi gudumar da ke hannunsa, ya dubi akawu. Akawu ya gyaɗa kai, ba ta sauka ba. Ya mayar da ita kan tebur a hankali, ya ce a kaɗa ƙararrawa.

Baban Ƙofa ya durƙusa ya ɗauki makullansa, bai dubi kowa ba. Ya danna ƙararrawa ya wangale ƙofa. Minti huɗu ake bayarwa. Sai ga 'yan ɗakin shayi suna tahowa, wani da burodi a kumatu, wani yana gyara hula, wata tana gudu-gudu da takalmi ɗaya a hannu. Yana tsaye ƙiƙam yana ƙirga su a ransa, goma sha bakwai, goma sha takwas. Na goma sha tara mai ciwon gwiwa ne, ya shigo agogo saura ƙiris. Kakaki ya ce a rufe. Baban Ƙofa ya haɗa ƙyauren biyu, ya zura makulli, ya murɗa sau biyu. Masu eh suka bi ta dama, masu a'a ta hagu, akawuna suna kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Yanzu babu maƙogwaro, kowa mutum ɗaya ne, har Tsawa. Aka miƙa wa Kakaki takarda: eh sittin da biyu, a'a arba'in da ɗaya.

Kafin ya kai hannu ga guduma, Tsawa ya miƙe da batun ƙa'ida. Ya ce baƙo ya sa hannu a aikin majalisa. Ya ce kowa a gidan nan ya san mai ƙofar nan da kirarin makullansa, kuma kowa ya san ƙanensa ne mai tarin da ke sama. Makullan da wuta ba ta kayar ba, bindiga ba ta kayar ba, yau ne za su faɗi da kansu? Ya nemi a miƙa maganar ga kwamitin ƙa'idoji ya bincika, a dakatar da sakamakon har ya kawo rahoto. Yaro ma ya san kwamitin da aka ba aiki a ranar ƙarshe sai dai ya kawo rahotonsa a lahira, kudurin kuma ya bi shi.

Kakaki ya shafa haɓa. Ya ce tunda baƙo ba ya magana a zaure, Mai Sanda ya je ya tambayi mai ƙofa, da gangan ya yi ko kuskure ne, ya kawo amsa.

Mai Sanda ya tako tsawon zauren, idanu ɗari da wani abu a bayansa. Tsohon soja ne, shekara goma sha biyu suna shan shayi tare da Baban Ƙofa. Ya tsaya gab da shi ya yi tambayar a hankali, ba ya son haɗa ido. Abu ɗaya Baban Ƙofa ya mallaka a duniya da ya fi gidansa, kuma Tsawa ya ɗauko shi ya mayar da shi shaida a kansa. In ya riƙe kirarin, 'ya'yan Auta sun koma bakin injin da tsumma. Ya miƙa hannun damansa gaba, a buɗe. Hannun kuwa rawa yake yi, rawa ta gaske, tun lokacin da zoben ya bar shi bai daina ba.

“Ka gani da idonka. Ka ce musu tsufa ne.”

Mai Sanda ya koma, ya rusuna, ya ɗaga murya yadda ƙa'ida ta ce: mai ƙofa ya ce tsufa ne, hannunsa rawa yake yi, kuma shi da kansa ya gani. Dariya ta ɓarke daga dama har hagu. Wani daga baya ya ce shekara talatin da takwas, wasu suka ƙarasa masa. Mai rubuta bayanan zama ya sunkuya yana rubutawa. Baban Ƙofa yana tsaye, fuskarsa kamar katakon da ke bayansa. Kakaki ya ce tsufa ba ya cikin laifuffukan da littafin ƙa'ida ya lissafa, in da yana ciki da rabin zauren nan suna gaban kwamiti. Ya ce masu eh sun yi rinjaye, kudurin ya wuce karatu na uku, za a aika wa shugaban ƙasa ya sa hannu.

Guduma ta sauka.

Da yamma, bayan an ɗauke sanda an tashi, Nas ta zo ta tsaya a gabansa za ta yi magana. Ya riga ta, ya ce ranki ya daɗe, a riƙa ɗaure fayil da roba, takardu sun zube. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta rusuna masa irin rusunawar da ake yi wa Kakaki, ta wuce.

Ya hau sama ya sauko da Auta, hawa biyar su tsaya, hawa biyar su tsaya. A tsayawa ta uku Auta ya sami numfashi, ya ce ashe dai Yaya ya tsufa, har an rubuta a littafin gwamnati, gobe sai a nemo masa sanda da tabarma. Ya yi dariya har ta koma tari. Baban Ƙofa ya bubbuga masa baya, ya jira ya lafa.

A bakin get masu shara da masu shayi sun taru, kowa yana jiran ya ga yadda tsohon zai wuce da kai a ƙasa. Ya tsaya a tsakiyarsu, ya gyara wuyan riga, ya ɗaga zoben sama ya kaɗa shi.

“Shekara talatin da takwas,” ya ce, kuma wannan karon babu wanda ya ƙarasa masa. “Sau ɗaya tak suka faɗi. Ku je ku tambayi masu digiri, wane ne a cikinsu tsufansa ya taɓa shiga littafin majalisa?”

Ya kama hannun Auta suka nufi tashar mota, yana gaya masa cewa gobe da sassafe zai je wurin fasa dutsen da kansa, ya faɗa wa yaran nan biyu su fara neman inda za su jefar da tsummansu.